Baba Ya Tsaya wa Matar Katun

Jiya da la'asar ina falonmu a Gomari ina buga gem ɗin motar nan da aka ɗauko daga katun ɗin barkwanci, wanda ake aikenka wuri ka isa kafin lokaci ya ƙare. Sai ga Baba ya dogaro sandarsa, wai in ba shi ya taɓa.

Baba tsohon direban hanyar Biu ne. Tunda ciwon ƙafa ya zaunar da shi bai sake riƙe sitiyari ba.

Ya kama tafiya a hankali abinsa. Wata matar katun ta zo tsallaka titi, ya tsaya mata cak. Lokaci ya ƙare.

Na ce, "Haba Baba, nan gudu ake yi! Ko ka buge ta, tashi za ta yi."

Ya ce, "Na sani. Ni gari kawai nake so in zaga."

Ban ma saurare shi ba, na karɓe na ce bari in nuna masa. Da na ci na waiwayo ina murna, kujerarsa ba kowa.

Yau na kai masa har ɗaki, ya ce in bar shi, ya gaji.

Jama'a, yaya zan yi in mayar masa da motarsa?