Jar Hula da Shuɗiya a Barking

Shekarar da mahaifiyata ta rasu na ɗauko Baba daga Kaduna na kawo shi wurina a Barking, a gabashin London. Ciwon suga ya fara taɓa masa ƙafa, ni kuma aikin jinya nake yi, na ga gara ya zauna inda idona zai kai. Watannin farko ba ya fita sai masallaci ranar Juma'a. Yakan zauna a falo kusa da hita, carbi a hannu, yana kallon jiragen ƙasa suna wucewa ta bayan gidajen layinmu. In ya yi wa 'ya'yana magana da Hausa sai su amsa da Turanci, har ya daina jan su da doguwar hira.

Akwai wata shuɗiyar hula mai baki da ya zo da ita a ƙasan akwati, ta koɗe ta kusa zama ruwan toka. Tun muna yara muka san ta. Yana saurayi gwamnatin jiha ta tura shi Amurka karatun injiniyan ruwa, a wani babban birni da ke bakin tafki, can ya kamu da son wasan besbol. Wasa ne da mutum ɗaya ke jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da sanda ya buga, in ta yi nisa ya zaga fili da gudu kafin a dawo da ita. Hular ta ƙungiyar birnin ce. A Kaduna bai taɓa samun abokin wannan hira ba.

Ranar da na kai shi asibiti a duba ƙafar ana yayyafi, sai ya ajiye hularsa ta gida ya sa wannan. Muna zaune a wurin jira, wani dattijo baƙi, dogo, da jar hula irin ta Baba, ya ƙura masa ido. Can ya ce da Turanci yana taya shi baƙin ciki. Baba ya ce na me? Mutumin ya nuna hular.

Baba ya juyo wurina ya ce da Hausa, "Ji wannan. Ƙungiyarsu ko mai jifa ɗaya na kirki ba ta da shi, yake taya mutane baƙin ciki."

Sai muka ji dattijon ya ce, da Hausar mutanen Jos, "Malam, maimaita in ji da kyau."

Rabona da jin dariyar Baba irin ta ranar tun Mama na da rai. Har aka kira shi ya shiga wurin likita yana waiwaye yana ƙarasa magana.

Dattijon mutumin Filato ne, Kirista. Shi ma karatu ya kai shi Amurka, na aikin gona, a wani birni da ke bakin kogi, kuma ƙungiyar birnin su ne manyan abokan hamayyar ƙungiyar Baba tun kafin a haifi su biyun. Bai yi noman ba. Ƙaddara ta jefo shi London, ya tuƙa bas har ya yi ritaya. Yana zaune da matarsa a wani gidan haya na ƙaramar hukuma, tafiyar minti goma daga gidana, ɗansu ɗaya yana Kanada. Na fara ce masa Kawu, shi kuma yana ce mini 'yata.

Daga nan Lahadi ta zama tasu. Wasannin da ake yi da rana a Amurka wajen ƙarfe shida na yamma suke kamawa a nan. Kawu zai tashi daga coci, ya huta, ƙarfe biyar ya buga ƙofa. Ni ce da tuwo ko shinkafa da miya, wani lokaci matarsa ta aiko shi da gwaten acca a kula. Ko ba ƙungiyoyinsu ke wasa da juna ba, ba su rasa abin musu.

Kan jifa suka fi kamawa. A wurin Kawu, mai jifa na gaske shi ne wanda ya fara wasa ya kai shi ƙarshe da hannunsa. "Yanzu fa? Mutum biyar a wasa ɗaya, wannan ya jefa ya ba wancan, kamar matan da ke karɓa-karɓar taɓarya a gidan biki."

Baba ya ce, "Kai da ba ka san inji ba. Famfo ma in ya yi zafi hutar da shi ake yi. Ku kuke kashe wa yaran mutane kafaɗa."

"Malam, shekara nawa kuka yi kuna hutar da famfo ba ku ga ruwa ba?"

In jifa ta ƙare sai a koma fili. Filin su Baba tsoho ne, akwai wani ganye mai yaɗo da ya lulluɓe bangonsa, Baba yana maganarsa kamar gidan kakansa. Kawu ya ce kango ne, ka biya kuɗi a zaunar da kai bayan ginshiƙi. Baba ya ce su kuma nasu an rushe an sake ginawa kamar kasuwar da kowane gwamna ke son a ce shi ya yi. Sai maganar 'yan kallo, wadda ita ce taƙamar Baba. Ya ce su ko ana cin su kullum, filinsu maƙil yake. Kawu ya ce ai ba kallo ke kai su ba, shan rana ne da shan abin da Malam ba zai so a ambata ba.

Duk da wannan, in magariba ta yi Baba ya shiga ɗaki salla, Kawu yakan rage murya ya juya wa talabijin baya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ba zai ga abin da Malam bai gani ba, don kada a ce ya yi ha'inci.

Lokacin korona matar Kawu ta rasu. Dokar lokacin ba ta bari a taru ba. Shi da fasto da wasu 'yan tsiraru suka tsaya a maƙabarta nesa da juna, ɗansa yana kallo ta waya daga Kanada. Mu ma ba mu je ba, saboda ciwon Baba da kuma irin wurin da nake aiki. Da aka buɗe gari Kawu ya dawo zuwa Lahadi. Ya rame, rigunansa sun yi masa yawa, kuma bai taɓa tayar da maganar jana'izar ba. Mu ma ba mu tayar ba.

Bayan haka ne aka sanar ƙungiyoyin nan biyu za su zo su kara a London da bazara, a babban filin da ke Stratford. Tsofaffin nan suka koma kamar yara ana jibi salla. Na sayi tikitin kujera uku a jere tun da watanni, suka ce ni zan zauna a tsakiya don kada a yi abin kunya gaban Turawa.

Saura kamar wata biyu, wata Lahadi ana nuna wasan ƙungiyar Kawu a filinsu na Amurka. Ranar ana sanyi a can, ƙungiyar kuma ba ta taɓuka komai a kakar wasan. Kyamara ta zaga ta nuno kujeru jajaye layi-layi babu kowa. Baba ya tafa hannu yana dariya.

"Kai, dubi filinku! Wallahi ko jana'izar baƙo ta fi wannan jama'a."

Ina bakin ƙofar kicin da jug a hannu. Kawu ya daina ci. Ya ajiye cokali a hankali, ya goge bakinsa, ya daɗe yana kallon talabijin. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Sai an jima, Malam. 'Yata, na gode da abinci."

Da ya fita na ce, "Baba, ka manta yadda aka binne matarsa?"

Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta sauya. Amma sai ya ce, "Wasa ne. Ya sha faɗa mini abin da ya fi wannan. Zai dawo."

Bai dawo ba. Lahadi ta farko Baba ya sa hularsa ya zauna, ƙarfe biyar ta wuce, shida ta wuce, ya kunna wasan ya kalla shi kaɗai babu ko tari. Na ce ya kira shi, ya ce wanda ya yi fushi ai shi ya san hanyar gidan. Ni ma ina da nawa laifin. Lambar Kawu tana wayata, gidansa a kan hanyata ta zuwa tasha yake. Amma aiki ya sha mini kai, kuma gaskiyar da nake jin kunyar faɗa ita ce na ji daɗin samun Lahadi biyu ba girki ba hayaniya. Na ce a raina manya ne, za su shirya kansu.

A mako na uku faston cocinsu ya kira ni. Wata mata da ke kai wa Kawu abinci ta same shi a ƙasa a kicin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana asibiti.

Muka je da yamma. Yana kwance kusa da taga, bakinsa ya karkace, idonsa biyu, ya gane mu. Magana ce babu. Baba ya ja kujera ya zauna, ya kama hannunsa na hagu. Ya ce, "Mutumina, bakina ne ya yi mini sauri. Ka yafe mini don Allah."

Kawu ya dube shi. Leɓensa ya motsa, sauti ya fito, amma ba kalma ba ce. Baba ya matsa da kunnensa, ya sake fitowa haka. Sai Baba ya rikice, ya shiga zuba magana. Ya ce ya yi tunani, gaskiyar Kawu ce, mai jifa ya kamata ya ƙare wasansa. Ya ce filinsu ma ya tsufa, ya kamata a rushe. Ya ce masu jifan su Kawu sun fi nasu tun asali. Kawu ya ɓata fuska, ya zare hannunsa, ya bugi katifa da shi sau biyu, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne.

A hanyar gida Baba ya tambaye ni, "Ke da kika san aikin, me yake nufi?"

Na ce ban sani ba. Ya sake tambayata washegari, na sake ce masa haka, don ita ce gaskiya. Kullum sai ya je ya zauna wurinsa har a sallami masu dubiya. Kwana tara Kawu ya yi ya cika.

Aka sa jana'iza ranar Talata da safe. Da Baba ya ji ranar aiki ce, sai ya ɗauki waya. Kwana uku yana kira. Ya kira tsofaffin da suke sahu ɗaya a masallaci, ya kira mai shagon da muke sayen doya da manja, ya sa na nemo masa tsofaffin direbobin bas da Kawu ya yi aiki da su. Mutumin da ko ruwa ba ya iya roƙa a gidan wani, na ji shi yana ce wa wanda bai taɓa gani ba, "Don Allah ko minti talatin ne ka zo." Wasu suka ce suna aiki. Wasu daga masallaci suka ce ba za su shiga coci ba, Baba ya ce to su same mu a maƙabarta.

Cocin wani ɗaki ne a saman shago. Bai cika ba. Amma layi biyu na baya dattawa ne da manyan riguna da huluna, sun zauna tsit, hannu a kan gwiwa, ana waƙoƙin Hausa da ba su sani ba. Ɗan Kawu da ya iso daga Kanada ya tambaye ni su wane ne, na ce mutanen Baba ne. A maƙabarta muka tarar da wasu suna jira a bakin ƙofa cikin iska. Da aka gama ɗan ya zo ya durƙusa ya gode wa Baba. Baba ya ɗago shi.

Ranar wasan na ɗauka ba zai je ba, sai na gan shi ya shirya tun hantsi. Muka je. Fili ya cika, ja da shuɗi ko'ina, ana kiɗa ana sayar da abinci. Na zauna a tsakiya kamar yadda aka shirya. Wani Bature ya tambaya ko da mutum a kujerar gefena, na ce babu, ya ɗora jakarsa a kai. Baba ya kalli wasan hannunsa a kan sandarsa. Sau ɗaya, da aka zo canja mai jifa, ya sunkuyo ta gabana kamar zai yi magana da wancan gefen, sai ya koma ya jingina. Ba a kai rabi ba ya ce ƙafarsa na ciwo, mu tafi.

Muka canja jirgi a West Ham muka hau na layin District. Da sauran rana sosai, jirgin babu mutane da yawa. Kafin tasha biyu barci ya ɗauke shi, kansa ya faɗo a kafaɗata, bakinsa a ɗan buɗe. Na san rabonsa da barcin kirki tun ranar da fasto ya kira. Da muka iso Barking ƙofa ta buɗe, na dube shi, na kasa tashinsa. Ƙofar ta rufe. Muka wuce har Upminster, ƙarshen layi, jirgin ya tsaya kowa ya sauka. Wani ma'aikaci ya leƙo, na yi masa alama da hannu, ya ce nan da 'yan mintoci jirgin zai juya, ya wuce abinsa. Muka zauna a nan har ya juya da mu.