Ranar Buɗe Gurbin Kifi

Mun bar Yamai bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa, ni da direban sarwis ɗinmu, wato ma'aikatarmu, a wata tsohuwar landiroba da sai an lallashe ta take tashi. Kwana biyu ke nan da dawowata, kuma da yake wasunku sun tambayi inda na shiga, na ga gara in rubuta tun abin bai dushe mini ba. Sunan garin dai zan riƙe shi. Ba na ce akwai laifi a faɗarsa ba, hankalina ne ya fi kwanciya haka.

An aike ni ne in rubuto bukukuwa da tarukan da garin ke yi a shekara, kowane da ranarsa. Kun san yadda ake ciki yanzu: taron da ba ya cikin takarda ba a yarda da shi ba. Wanda ke ciki kuma, idan ranarsa ta zo, kumandan, babban jami'in gwamnati na yankin, yana iya zuwa da baƙinsa da ƴan rediyo, a ga cewa ƙasa na zaune lafiya duk da fari. Shef ɗina, shugabana a wurin aiki, ya ja mini kunne sau biyu cewa kada in dawo masa da layi ko ɗaya babu rana. Ban cika shekara da kama aiki ba, kuma albashina ne ake ci a gidanmu can Gobir tun da gona ta ƙi. Saboda haka na tafi da niyyar yin abin da aka ce, ba ragi ba ƙari.

Daga kan gada na ga kogin, ko in ce abin da ya rage. Shanu na tafiya a inda bara na ga kwale-kwale, masu wanki kuma sun bi ruwan can tsakiya. A unguwar Harobanda, ƙetaren gada, muka tsaya shan kafe da burodi. Gefen mai teburin akwai mutanen da suka sauko daga arewa, sun kafa tabarmi, suna tallar awakin da haƙarƙarinsu ya fito. An ce mini kuɗin akuya yanzu da ƙyar ya sayi ƴan tiyoyin hatsi. Ban taya ba, don haka ba zan rantse ba.

A shingen farko jandarma ya nemi takardar aika. Na miƙa masa ita, na ƙara da kartidantite, katin ɗan ƙasa, na ƙara da takardar shaidar gama karatu da ba wanda ya tambaya. Direban, Bazabarme ne haifaffen Yamai, ya yi ta dariya har muka bar kwalta.

"Bagobiri, bawana, saura ka ba shi takardar auren babanka," in ji shi.

Na ce masa Bazabarme ba ya tsoron takarda ne don bai iya karanta ta ba. Da wannan wasan na Bagobiri da Bazabarme muka ci hanya. Bayan kwalta sai jar hanya mai girgiza haƙora, gonaki dama da hagu da karan bara a tsaye, gajeru, ba wanda ya damu ya sare su.

Rana ta take muka isa. Garin yana kan tudu, gidajen laka, kwale-kwale kife a kan yashi kamar ƙoren da aka wanke aka shanya. Maigari ya karɓe mu da fura mai tsinkakken ruwa, yana ba da haƙuri. Ya kira liman da sarkin ruwa, wato dattijon da masunta ke bin maganarsa. Kakanninsa daga Kabi suka hau kogi, shi ya sa Hausarsa ta fi ta kowa a wurin, shi ne ma ya yi mini tafinta.

Na buɗe takarda muka fara, shekararsu ta riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Sallah ƙarama, babbar Sallah da Mauludi na liman ne, wata ke kawo su, na duba kalanda na sa rana, na ɗan rubuta "ko washegari" da ƙananan baƙaƙe. Kokawa bayan girbi take. Maigari ya ce, "In an yi girbin." Na sa mata rana duk da haka. Akwai yaɓen masallaci kafin damina, da gari duka ke fitowa, mata na ɗebo ruwa, maza na cuɗa laka. Akwai tseren kwale-kwale lokacin sanyi, sa'ad da kogi ke cika, unguwar masunta da ta manoma, kuma an ce manoma ba su taɓa ci ba amma su suka fi cika baki. Akwai saukar karatu, akwai ranar da matan gari ke gasa sababbin tukwane tare. Ba su ɗauki ranakun da zafi ba. Kowace na faɗa sai su ce to, Allah ya kai mu.

Layi na ƙarshe shi ne su, kamun kifin da gari duka ke shiga ruwa rana ɗaya. Na ce wace rana zan sa. Sarkin ruwa ya dube ni. Ya ce, "Ɗana, in an yi la'asar ka zo mu taka."

Da la'asar muka sauka cikin kogin da ƙafa. Mun yi tafiya mai ɗan nisa a kan yashi da busasshen taɓo kafin mu kai gindin wasu duwatsu. Nan ruwa ya taru, baƙi, mai zurfi, faɗinsa bai wuce filin ƙwallo ba a ganina. Wannan shi ne gurbi. Duk shekara a rufe yake, ba mai jefa birgi ko ƙugiya, sai ranar su. Muna tsaye wani abu ya juya a ciki, ruwan ya yi tozo ya kwanta. Sarkin ruwa ya ce giwan ruwa ne.

Ya yi mini bayani a hankali. Shekarun da, ko ranar su kogi na gudu ta bakin gurbin, sama da ƙasa. Mutane su shiga da homa da taru, a kama abin da aka kama, saura su tsere. Bana kogin ya yanke. Duk kifin da ya rage a wannan yanki yana cikin ramin nan, kuma ba ƙofa.

"In gari ya shiga, ko tarwaɗa ɗaya ba za ta kwana ba," in ji shi. "Ruwa ya dawo, ya dawo wa wa? Yanzu ni nake hanawa, suna jin haushina, suna bi. Ranar da takardarka ta ce a buɗe, kumandan ya zo ya zauna a kujera, ni wane ne?"

Na ce to in goge layin gaba ɗaya. Ya girgiza kai. In an goge, baɗi za a ce garin ba shi da su, kuma sai an yi shekaru ana neman izini.

Gidan ƙanwar maigari aka kai mu cin abinci kafin magariba. Dambun jar dawar agaji ne, da kopto, wato kwaɗon zogale. Garin masunta, amma ko ƙashin kifi babu a kwanon. Dattijuwa ce mai faɗa, jikoki cike da tsakar gidanta, kuma labari ya riga ya kai mata.

"Mushe, an ce kai ne mai sa rana," ta ce, da laƙabin Faransancin da ake kiran ma'aikata da shi. "Sa mana kusa. Tsohon nan yana kiwon kifin baɗi. Wa zai ci shi in mun ƙare bana?"

Na ce, "Inna, ni aike ne kawai."

"To ɗan aike, dubi cikin yaran nan ka kai."

Na duba. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Direban ma ya ture kwanon wajen yaran.

Da safe bayan sallah na zauna cikin mota da takardar a cinya. Na yi tunanin sa rana mai nisa, can cikin damina, in ce ai kafin nan ruwa ya zo. Amma bara ma an sa rai. Na yi tunanin barin layin ba rubutu, in ce mantuwa ce, sai na tuna akawu zai cike shi da ranar da ya ga dama. Na rubuta na soke a wata takarda daban har sau huɗu. Daga ƙarshe na rubuta: "Bana ba za a yi ba, sai kogi ya sake haɗuwa da gurbi." Na karanta wa sarkin ruwa. Bai gode mini ba, ya ce dai haka abin yake. Dattijuwar kuwa da na je sallama ta amsa ba ta ɗago daga turmi ba.

Dawowa ta fi zuwa tsawo, ko kuma ni na ji haka. Taya ta fashe sau ɗaya, muka ci ƙosai da fari masa a wata tasha da ta fi tashar Wadata ta Yamai tsada ba dalili. A kowane shinge sai in ji kamar jandarma zai ce in buɗe takardar, amma ba wanda ya damu da ita. Mun hau gada da la'asar sakaliya.

Washegari na kai wa shef. Bazindare ne, ya daɗe a aiki, ba mugu ba ne. Ya bi layukan da biro har ya kai na ƙarshe, ya cire tabarau.

"Wa ya ce ba za a yi ba? Kai ko kogi?"

Na fara bayani, ina ta "wataƙila" da "a ganina". Ya saurara har na gama. Ya ce bai ce ƙarya na rubuta ba, amma an ce rana, wannan kuma ba rana ba ce, kuma shi yana da iyali. Zaɓi biyu ya ba ni. Ko in sa rana ya sa hannu kamar kullum, ko takardar ta hau sama yadda take, da sunana a ƙarƙashin layin, in an tambaya ni zan amsa.

Na dubi takardar. Na tuna gida. Sannan na karɓi bironsa na sa hannu.

Jiya takardar ta tafi. Har yanzu ba a kira ni ba. Mai yiwuwa ba wanda zai karanta har layin ƙarshe, mai yiwuwa kuma gobe a neme ni. Duk sanda aka buɗe ƙofar buro, wato ofishinmu, sai in ɗaga kai.

Da can ina ɗauka taka-tsantsan shi ne ka cika kowane layi yadda ba za a kama ka da kuskure ba. Wannan tafiya ta nuna mini cewa ranar da ka rubuta a Yamai, in ta kai bakin kogi, umarni ce, kuma babu abin da zan rubuta a layin nan da ba zai taɓa cikin wani ba. Ban sani ba ko na yi daidai. Kifin na nan a gurbinsa, dattijuwar nan kuma na dafa wa jikokinta jar dawa ba nama. A kan duka biyun na sa hannu.