Lauyan Da Ya Zauna Don Mu Tashi

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba, babban lauyan ofishinmu, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Wanda Ya ba mu aronsa Shi ne Ya karɓi abinSa, kuma can za mu iske shi. Ina harabar kotu ina jiran a kira ƙararmu, babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Ba ta iya cewa komai ba sai "Yaya, Baba," sai kuka. Na zauna a kan benci da baƙar rigata ta lauya, takardu a cinya, na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Baba, manyan alƙalai da manyan lauyoyi za su rubuta a kanka, za su lissafa shari'o'in da ka ci. Ni ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka tafi ka bar mini aiki guda da ba ka ƙarasa ba, wato maganar Auta, lauya na ƙarshe da ka ɗauka, wanda ba ya gani. Ka yi masa alkawarin zai tsaya gaban alƙali karo na farko a shari'ar 'yan kasuwa, sai ga shi ranar ta faɗo bayan an kai ka makwancinka. Ina so in ba ka labarin yadda aka ƙare. Amma sai na fara gaya wa mutane ko kai wane ne, don su gane abin da ya sa maganar ta hana ni sukuni.

Na zo wurinka da goyo a baya. Na gama makarantar lauyoyi da sakamako mai kyau, na zaga ofisoshi har takalmina ya gaji. A wani wurin aka ce mini aikinsu ba ya jiran jariri. A wani kuma mai ofishin ya tambaye ni 'yar wane ce ni, da na ce mahaifina tela ne, sai ya ce in bar takarduna za a neme ni. Har yau ana nema na. Ofishinka ne na ƙarshe, a saman wani kantin magani, matakala ƙunci, fanka na ƙara kamar za ta faɗo. Ba ka tambaye ni ubana ba, ba ka dubi goyona ba. Ka turo mini fayil ka ce in karanta in gaya maka wanda zai faɗi a shari'ar. Ina cikin bayani yarinyar ta tsala kuka, na ce a raina shi ke nan, nan ma an rufe. Sai ka cire tabarau ka ce, "Wannan ta fi rabin lauyoyin da na sani iya ɗaga murya. Ci gaba, muna ji." Da na zo aiki ranar farko, na tarar ka sa an kwashe tsofaffin fayiloli daga ƙaramin ɗakin baya, an shimfiɗa katifa.

Ba ni kaɗai ba ce. Ka ɗauki ɗan direba da 'yar mai wanki. Ka ɗauki wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamare kafin ya karanta shari'a, furfura har ta fara fito masa, kowa na cewa ya makara. Ka ɗauki mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, da wadda harshenta na gida babu mai jin sa a cikinmu. Kana zuwa jami'a da ƙafarka, ka zauna da ɗaliban ajin ƙarshe, ka ƙi kujerar manyan baƙi, ka nemi waɗanda suke zama a baya ba sa ɗaga hannu.

Amma ɗaukar aiki ba ita ce ta bambanta ka ba. A sana'armu, ƙaramin lauya yakan yi shekaru yana ɗaukar jakar maigidansa, yana bincike a ɗakin littattafai, alƙali bai taɓa jin muryarsa ba. In kuwa mace ce, ko mai nakasa, ko wanda ba shi da kowa, to a wannan ɗakin zai tsufa. Kai kuwa sai ka tafi kotu da ƙaraminka, a kira ƙara, kowa ya zuba ido ka miƙe, sai ka gyara zama ka harɗe hannu. Ƙaramin ne zai tashi. Har abokan aikinka suka sa maka suna Baba Zaune, suna tsokanarka wai ka fi kowa cin kuɗin zama, kai kuwa ko a jikinka.

Ba zan manta ranata ba. Alƙali ya jefo mini tambayar da ban shirya mata ba, zufa ta keto mini, na juyo ina neman ceto. Wallahi Baba, silin kake kallo, kamar ba ka taɓa ganina ba. Na ji haushinka ranar, ba kaɗan ba. Dole na roƙi kotu ta ba ni zuwa bayan hutu, na je na duba, na dawo na amsa. A mota ka ce, "Da na tashi, da alƙalin nan ba zai sake kallon ki a matsayin lauya ba, sai 'yar rakiya." Iyakar yabon da na samu ke nan, don kai ba ka da arhar yabo.

Kada wani ya ɗauka jefa mu kake yi a ruwa ba shiri. Kowace Alhamis da yamma ofis yakan koma kotu. Ka zauna a kujerarka ka zama alƙali mafi mugun hali da Allah Ya halitta, ka sha mur, ka katse mutum a tsakiyar magana, ka wanke shi tas a gaban kowa. Akwai wanda ya taɓa cewa ya gwammace a kai shi kotun gaske a matsayin wanda ake tuhuma da ya sake tsayawa a kotun Alhamis. In an tashi kuma kai ne za ka zuba mana shayi da hannunka, kana dariya har da hawaye, kana kwaikwayon yadda kowa ya daburce.

Abin ya jawo maka asara, mun sani. Manyan kamfanoni sun kwashe fayilolinsu, sun ce kai suka ɗauka ba yaranka ba. Mama, mai ɗakinka, ta sha yi maka tsiya cewa sa'o'inka sun gina benaye kai kana nan saman kantin magani da fanka mai kuka. A babban taron ƙungiyar lauyoyi, da aka yi ta jawabi a kan ba kowa dama, nan kam ka miƙe. Ka ce, "Kun ɗauke su kun kulle a ɗakin littattafai, ranar ɗaukar hoto ku fito da su ku sa a gaba. Wannan ba dama ba ce, ado ne." Daga ranar wasu ba su sake gaishe ka da sakin fuska ba. Kuma ba ka riƙe mu. Da mutum ya ƙware sai ka fara buga waya, ma'aikatar shari'a, bankuna, manyan ofisoshin nan da suka ƙi mu tun farko, har ka sama masa gurbi. Ni ce kawai na kafe na ƙi tafiya, ka gaji ka ƙyale ni.

Auta ya zo bara. Sakamakonsa ya fi na kowa a cikinmu, amma duk inda ya je sai a yaba masa, a ce Allah Ya ƙara basira, a raka shi bakin ƙofa. Kai ka saya masa kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Ka kafa doka cewa duk wanda ya matsar da kujera a ofis bai mayar ba, shi zai yi kotun Alhamis sau biyu. Ka yi ta sintiri wurin magatakardan kotu har ya yarda ya riƙa turo takardu ta hanyar da kwamfutar za ta iya karantawa. Sannan ka ɗora shi a kan shari'ar 'yan kasuwa, waɗanda aka ba umarnin rushe shagunansu ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ko a gadon asibiti ba ka bari ba. Alhamis ɗin ƙarshe ka sa muka kawo shi, kana numfashi da ƙyar kana katse shi da tambaya, har ma'aikaciyar jinya ta kore mu.

Bayan rasuwarka shugaban 'yan kasuwar ya zo ofis ya yi gaisuwa. Dattijo ne mai mutunci, ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya yi magana. Ya ce, "Lauya, ki yi haƙuri. Da Baba yana nan a gefensa, ba mu da ta cewa. Yanzu babu Baba. Shagunan nan su ne cin mu da shan mu. Ke ki tsaya mana." Auta yana ɗakin kusa, kuma kunnensa ba ya kuskure. Da dattijon ya fita, ya lalubo ƙofata ya ce, "Yaya, ki cire ni kawai. Abincin mutane ne, ba wurin gwada ni ba ne."

Baba, tsakani da Allah na so in cire shi. Dattijon bai faɗi ƙarya ba, kuma in aka faɗi shari'ar nan ni za a nuna da yatsa. Amma na san abin da cirewar take nufi. Labari zai zaga cewa ko ofishin Baba bai yarda da shi ba da Baba ya kau, kuma babu wanda zai sake ba shi fayil ya ce je ka tsaya. Ranar Alhamis na zauna a kujerarka, abin da ban taɓa yi ba, na sha mur iya ƙarfina, na yi masa ruwan tambayoyi har muryata ta dishe. Ya yi tuntuɓe a amsa, ya gyara, ya ci gaba. Washegari na kira dattijon a waya na ce masa babu wanda ya san shari'ar nan kamar Auta, har ni, kuma shi zai tsaya, ni ina gefensa. In bai amince ba, fayil nasa ne, zan miƙa masa ya kai inda ya ga dama ba tare da ɓacin rai ba. Ya ce zai yi shawara, ya kashe waya.

Ranar shari'a sai ga su sun cika bencin baya, dattijon a gaba, fuska ba walwala. Aka kira ƙara. Auta ya jingine sandarsa, ya dafa tebur, ya miƙe. Ya fara gabatar da hujjojinsa. Can sai alƙali ya tare shi da tambaya a kan wani tsohon hukunci da lauyan ɗaya ɓangaren ya kawo, wanda ba mu tsammace shi ba. Kowa ya zuba wa Auta ido. Na san amsar, tana kan harshena, gwiwoyina har sun fara ɗagawa da kansu, ina jin idanun 'yan kasuwa a ƙeyata. Na riƙe gefen benci da hannu biyu. A nan na san abin da zaman nan yake ci maka duk shekarun nan, mu muna ganin kamar hutawa kake yi.

Auta ya ce wa kotu bai karanta wannan hukuncin ba, ba kuma zai yi kamar ya karanta ba. Ya roƙi a karanta masa sashen da ake magana a kai. Aka karanta. Ya amince da abin da ya dace a amince da shi, sannan ya koma kan maganarsa guda, cewa ba a rushe wa mutum wurin neman abincinsa ba a saurare shi ba. Alƙali ya daɗe yana rubutu. Ya ba da umarnin kada a taɓa shago ko ɗaya har sai an saurari ainihin ƙarar. Ba a gama shari'ar ba, Baba, da sauran tafiya, amma shagunan suna tsaye.

Da Auta ya zauna, sai ya miƙo hannu ya kama hannun rigar wanda ke gefensa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, yaya na..." Sai ya tsaya. Rigata ce a hannunsa. Bai saki ba, muka zauna a haka har aka kira ƙara ta gaba. A waje dattijon ya ƙaraso, ya wuce ni, ya tsaya gaban Auta ya ce, "Lauya, yaushe za mu dawo?"

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi haƙuri da mu muna cinye mata lokacin mijinta, da 'ya'yanka na cikinka, da ƙannenka da jikokinka, da dukkan waɗanda suka hau matakalar nan ba su da kowa suka sauko da sana'a a hannu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Ubangiji, ranar da kowa zai tsaya gabanKa shi kaɗai, babu lauya babu mai rakiya, Ka sauƙaƙa wa bawan nan naKa tambaya. Amin.