Yaya Sani da Kasaken Gansakuka

Shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Sani makwancinsa a Moriki, amma har yau in na ga koren ruwa ya kwanta a kududdufi, shi nake tunawa.

Malamin kimiyya ne a Ƙauran Namoda. Lokacin da aka ba mu sabuwar jiha, daga baya Shari'a ta zo, kowa da mafarkinsa: wannan kujera, wancan kwangila. Shi kuwa gansakuka ya sa a gaba. 'Yarsa Hadiza ba ta ƙetare damina sai ta kwanta, har an fara cire rai da ita. Ya karanta cewa mutanen Tafkin Chadi na shanya wata irin gansakuka su ci, tana ƙara wa jiki garkuwa. Bai taɓa ganin tafkin ba, balle teku, amma in yana ba da labarinsu sai ka ji kamar iskar ruwa na taɓa ka.

Ya roƙi wani falken kanwa ya kawo masa ruwan can a kwalba. Ya jera kasake a bayan ɗaki, yana renon abin kamar jinjiri. Abokai suka sa masa suna Manomin Ruwa. Ya yi dariya ya ce mahaƙurci mawadaci.

Ranar da ya tafi Gusau neman wanda zai auna masa ko gansakukar za ta ciwu, Innarmu ta leƙa bayan ɗaki. A wurinta, kore a tukunya abin kunyar mace ne. Ta ɗauko toka da soso. Da ya dawo ta tare shi da murna, ba ta kama sunansa ba don ɗan fari ne.

"Na wanke maka su tas, ɗan nan. Gidan malamai ba a barin ƙazanta ga kasko."

Ya je ya duba kasaken. Sannan ya ce, "Allah shi saka da alheri, Inna." Har ta rasu bai gaya mata ba. Falken kuma bai sake biyowa ba.

Yanzu ga ƙwayoyin irin wannan gansakukar a shagunan magani. Da zai gan su, na san sai ya tambayi wa ya auna, kafin ya yi murmushi.

Zazzaɓin wata damina ne ya ɗauke shi. Hadiza kuwa ta rayu, yau 'ya'yanta uku. Kwanan baya ta ce min, "Baffa, da maganin ya yi min aiki?"

Na ce ban sani ba, Hadiza. Abin da na sani, ba a taɓa son wani a gidanmu kamar yadda ya so ki ba.