Ɗalibin da Ya Cire Takalmi a Hoton Jami'a

Shekara ashirin ke nan cif da rasuwar mahaifinmu, Malam Umaru, Allah Ya jiƙansa, kuma sai bana na nemi gafararsa a kan wani labari da muka daɗe muna yi wa dariya.

A shekarun 1950 ya bar Gwandu ya tafi jami'a can Kudu, da akwatin ƙarfe da tabarma da ƙullin garin fura. Yakan ce ranar da aka jera su ɗaukar hoto, yana hango shugaban jami'ar, Bature mai furfura, sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Ɗalibai suka yi ta kyakyata dariya, mai hoto ya yi fama, Baba ya ƙi mayarwa. "Ni ɗan Gwandu na," in ji shi, "ban tsayawa gaban babba da takalmi." Mu kuwa 'ya'yansa mun ɗauka gishiri ne irin na tsofaffi, don ba mu taɓa ganin hoton ba. Har inna takan ce, "Malam, a bar wa gobe saura."

Bayan ya dawo ya koyar a Kalgo har ƙarfinsa ya ƙare. Takardunsa gara ta cinye, abokan karatunsa duk sun riga mu gidan gaskiya. Na fara tsoron jikokinsa za su tashi ba su da wata shaida cewa ya taɓa taka jami'a.

Shi ya sa bana na je ɗakin adana tsofaffin takardu na jami'ar. Wata ma'aikaciya ta fito mini da kwalaye: jerin abincin ɗalibai, dokar sa alkyabba a wurin cin abinci, ƙorafin wani a kan wake. Can ƙasa sai ga hoto, samari sahu uku, kusan kowa da sunansa a rubuce. A ƙarshen sahun gaba wani siriri na tsaye ƙafa ba komai, takalmi a hannun hagu. A gurbin sunansa an rubuta cewa ba a san shi ba. Gani ya kori ji. Kunya ta kama ni, daɗi kuma ya fi ta yawa.

"Baba, kun san shi ne?" ma'aikaciyar ta tambaye ni. Na ba ta labarin tun daga farko, ta duba rajistar shekarar ta ga sunan, ta ɗauko fensir.

Da mahaifinmu zai ga ɗaliban yau suna ɗaukar kansu hoto da waya, malami na wucewa ba wanda ya ko rusuna, na san zai girgiza kai, sannan ya ce a matsa masa shi ma ya shiga. Bai bar mana gida mai bene ba. Ladabi ya bari, kuma hali zanen dutse ne. Ma'aikaciyar tana cikin rubuta sunansa a gurbin nan na ji sanyin siminti a tafin ƙafata. Ashe na cire takalmina ban sani ba.