Tanti Ortansa, Mai Jiran Ɗan Tayi Ya Yi Barci

Kafin a buɗe sashen ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti, Tanti (wato Anti) Ortansa Buzdugan ta riga ta gangaro daga unguwar Tătărași. Za ta cire agogo da 'yan kunne, don na'urarta mai maganaɗisu ce, ba ta ga-maciji da ƙarfe. Sai ta ɗumama bargo, ta jera matasan kai, ta leƙa benci ta ga wa Allah ya kawo. Haka ta yi shekara da shekaru a wani babban asibiti a birnin Iași, kuma a makon nan ta yi ritaya. Ni dai raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Matan da ake turo mata masu cikin tagwaye ne da mabiyiya ɗaya ta haɗa. Jinin ɗaya yana kwarara cikin ɗan'uwansa, wannan ya kumbura, wancan ya tsotse. Likitoci su shiga mahaifa da hasken leza su ƙone jijiyoyin da suka haɗa su. Bayan 'yan makonni dole a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran tun suna ciki, a ga ko ta taɓu.

To, wa zai ce wa ɗan tayi ya tsaya cik? Ya motsa, hoto ya dagule. Dabarar Tanti Ortansa ita ce ta fito da uwar, ta riƙe mata hannu, su yi ta kai da kawowa a baranda har rausayar tafiya ta sa ɗan ya yi barci. Sannan ta mayar da ita a hankali, ta kwantar da ita a gefen hagu. Abin yana cin lokaci, kuma lokacin ne ya tsone wa sabon shugaban sashe na wancan zamanin, Domnul (wato Malam) Pârvu, ido. Ya kafa doka: kowa da lokacinsa, wadda nata ya ƙare ta sake bin layi.

Ana cikin haka aka kawo Smaranda daga wani ƙauye kusa da Vaslui. Bayan aikin leza ɗaya daga 'yan matanta ta mutu a ciki, tana ɗauke da mai rai da marar rai. Abin da take so ta sani ɗaya ne: ko mutuwar waccan ta taɓa ƙwaƙwalwar wannan. Yarinyar kuwa sai juyi take, hoto ya ƙi fita.

Domnul Pârvu ya leƙo. "Malama Buzdugan, lokaci ya cika. A ba ta wata rana."

"Wace rana? Layin ya kai bayan haihuwarta."

"Ba ni na tsara layi ba. Nan asibiti ne, ba wurin shan iska ba."

Smaranda ta fara laluben takalminta. "Tanti, bar shi kawai. Na saba jin a dawo."

"Ajiye takalmin nan, 'yata. Au, a'a, saka shi, yawo za mu." Ta juya wajen shugaban. "Yallaɓai, matar nan kabari da shimfiɗar jariri take ɗauke da su a ciki ɗaya. Ka ce ta koma gida haka? Sai dai ka fitar da ni tare da ita."

Ma'aikatan jinya sun shaida, a gabansa ta ja Smaranda suka kama baranda. Tana tafe tana yi wa cikin tsiya: "Ke 'yar rigima, tun ba ki fito ba kin ɗaga wa manya hankali? Kwanta mana!" Smaranda ta yi dariya, hawaye na zuba. Da yarinyar ta lafa, hoto ya fita tas.

Ba labari mai daɗi ba ne gaba ɗaya. Likita ya ga tabo a gefe guda na ƙwaƙwalwar. Amma saboda an gani da wuri, aka shirya haihuwar a inda akwai masu kula da jarirai irinta, aka fara yi mata gashi da motsa jiki tun tana cikin tsumma. Ilinca sunanta. Yau ta girma, tana jan ƙafar dama, amma da ƙafarta take zuwa makaranta.

Ladan Tanti Ortansa fa? Aka ɗauke ta daga masu ciki, aka mayar da ita ɗakin hoton gwiwa da ƙugu, wai ba ta bin tsari. Likitocin da hotunanta suka ɗaga sunansu a tarurruka, ko tari babu wanda ya yi. Haba! A ɗakin gwiwar nan ta ƙarasa aikinta, ranar sallama aka miƙa mata furanni a tsaye a bakin ƙofa, kowa na duba agogo. Wannan abin kunya ne, kuma na faɗa.

Tanti, ke ce uwar marasa haƙuri. Ke ce kika san cewa matar da aka zura cikin ramin na'urar nan, ƙara na dukan kunnenta, ba hoto ta zo nema ba, amsa ta zo nema. Kin zaɓi a ci mutuncinki a kan ki mayar da mace gida da fargaba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin ritayarki.

Ku kuma matasan da kuka gaji ɗakin masu ciki, na san dokar tana nan, kuma na san kuna tsoron abin da aka yi mata. Amma gobe wata za ta kwanta a gabanku, ɗanta ya ƙi tsayawa, lokaci ya cika. Tanti Ortansa ba ta nan. In ba ku kama hannunta ba, gida za ta koma ba ta sani ba.