Sawun Taya a Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, tun Bature na mulki, ina tuƙa lori a Kontagora. Ni da abokina maigida ɗaya muke wa aiki, kowa da motarsa. Shi wuta ne a hanya, ni kuwa ko jaki ya yi niyya sai ya wuce ni. Saboda haka ya laƙaba mini suna Hawainiya, kuma duk garin shi kaɗai ke kirana da shi.

Lokacin sabuwar taya ta yi wuya. Wata rana maigida ya dawo daga kudu da tayoyi biyu, irin tsofaffin da ake kankare bayansu a liƙa sabuwar roba a gasa. Mu dai muna ce musu masu sabuwar riga. Kai ka ce daga kanti aka ciro su, ga wani zane a jikinsu kamar ƙashin kifi wanda babu motar da ke da irinsa a garin. Ya ba kowannenmu ɗaya, muka ɗaura a gaba. Abokina ya shure tasa da ƙafa yana dariya, ya ce, "Tsohuwa ce ta sha kwalliya, Hawainiya. Allah dai Ya sa ƙashinta da ƙwari."

Da damina ta yi tsakiya ya ɗauki kaɗanya ya nufi Jebba, bai kai ba. A wani gangare kusa da Sahon Rami motar ta kife. Ko da mutanenmu suka isa ya riga ya cika, motar kuma ta dagargaje yadda ba wanda ya iya cewa ga abin da ya jawo. Kowa ya ce gudu ne da santsi. Ni ma haka na ce, na yi kukana, na koma aiki da tawa tayar a gaba.

Wata ranar kasuwa na dawo da la'asar, an yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Zan shiga zaure sai na ga sawun taya a ƙofar gidanmu. Lungunmu ko amalanke ba ya shiga. Kuma sawun ba a miƙe yake ba kamar yadda taya ke bari, guntu-guntu ne, nan ɗaya can ɗaya, kamar taya ta koyi taku. Na durƙusa na duba, ƙashin kifi ne. Ya zo har bakin zaure, ya tsaya, ya juya.

Na shiga cikin gida. Kafin in buɗe baki mahaifiyata ta jawo ni ɗaki, ta rage murya.

"Ɗazu da hantsi wani ya tsaya a waje yana kira."

"Wa yake kira, Inna?"

"Hawainiya."

Na ce ta amsa? Ta dube ni kamar na zauce. "Ka taɓa jin an amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba? Kai ma in ka ji, ka kama bakinka. Wanda ya tafi in ya yi kewa, abokin tafiya yake nema."

A lokacin takalmin taya bai yawaita a wajenmu ba, amma mai hankali da ya yi tunaninsa. Ni tsoro ya riga ya kwashe mini hankalin. Duk ranar kasuwa in na dawo sai in tarar da sawun, Inna kuma ta ce an sake kira. Na sha rubutu har cikina ya yi baƙi, na rataya laya a sitiyari. In ina tuƙi sai in riƙa jin wani ƙwas-ƙwas daga gaban mota, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Ban taɓa sauka na duba ba, sai dai in ƙara ƙarfin addu'a.

Rannan maigida ya ce gobe ni zan kai kaya Jebba, da fasinja a saman kaya, ta wannan gangaren dai. Washegarin kuwa ranar kasuwa ce. Na ce zazzaɓi nake, na kwanta a zaure na saki asabari. Gari ya yi luf, hadari ya haɗu ya ƙi zuba, ko kaji ba sa motsi. Can sai na ji taku a lungu, a hankali, ya zo ya tsaya.

"Hawainiya."

Daga kwance na leƙa. Ta ƙarƙashin asabari na hango ƙafafu biyu, duk faso da jar laka. Aka sake kira. Sai mai kiran ya yi tari, ya tofar, na ji warin taba gari. Na ce a raina, ban taɓa jin fatalwa mai cin taba ba. Da ƙyar na ce, "Na'am."

Wani dattijon Bakambare ne, da gora a kafaɗa. A ƙafarsa takalma ne da ya yanka daga ɓawon taya, ya ɗaure da igiyar fata, ga zanen ƙashin kifi a ƙarƙashinsu.

"Kai ne? Kai mutanen birni, na yi ta zuwa, ina jin motsi a ciki, ba a magana."

Ya zauna, ya ba ni labari da Hausarsa mai nauyi. Gonarsa na bakin gangaren. Yana noma ya ji ƙara kamar bindiga, ya ga baƙar roba ta tashi sama ta faɗo cikin dawarsa, sannan motar ta bi. Robar ce daga baya ya tsinta ya yanka takalman. Shi ya fara isa wurin motar, ya ɗiga wa abokina ruwa a baki.

"Ya riƙe ni nan," ya nuna wuyan hannunsa. "Ya ce, je Kontagora, bayan tasha, gida mai tsohon wilin mota a ƙofa. Ce wa Hawainiya ya cire nasa. Ba gudu ba ne, taya ne. Ya faɗa, ya sake faɗa. Ni ban san wani sunanka ba."

A ranar muka kwance tawa tayar. Daga waje lafiya lau, amma da muka leƙa ciki zarenta duk ya ruɓe ya rabu, ta kumbura wuri guda, na danna da babban yatsa ya nutse. Ƙwas-ƙwas ɗin da na yi makonni ina wa addu'a ke nan.

Ban daina aiki da masu sabuwar riga ba, don mai gangar jiki lafiyayya takan yi hidima sosai, har a hanyar daji. Sai dai a baya nake sa su, inda suke bibbiyu, kuma sai na shafa cikin kowace da hannuna. A gaba kam ko kyauta aka ba ni na gode.

Da dattijon zai tafi ya cire takalman zai bar mini, wai ko na mamaci ne. Na ce ya sa abinsa. Na tsaya ina kallon sawun yana fita daga lungunmu, kuma a lokacin ne kewar abokina ta kama ni fiye da ranar jana'izarsa. Da sauran numfashinsa ya aiko a cece ni, mu kuwa muka ƙule a ɗaki muna neman tsari da shi. Har yau, in aka kira ni daga waje, ko ban ga mai kiran ba, ina amsawa.